Maci Amana: Ma'anar Kalmar Da Yadda Ake Amfani Da Ita A Batsari Da Safana

"Maci amana" na daga cikin sunaye mafiya nauyi da Bahaushe kan jefi mutum da su. A yammacin jihar Katsina, inda aka sha ƙulla sulhu yana wargajewa, kusan babu wani ɓangaren da ba a taɓa kiransa da wannan suna ba.

A cikin watan Yunin shekara ta 2020 gwamnan jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya ba da sanarwar cewar gwamnatinsa ta tsame hannunta daga sulhun da ta ƙulla da 'yan bindiga, yana mai zarginsu da cin amana. Su kuma mutanen daji sun sha kokawa da cewar su ne ba a cika wa alkawari ba. Manoman ƙauyukan Batsari da Safana, waɗanda a kansu ne abin ya ƙare, da yawansu gani suke yi hukuma ce ta ci amanarsu tun da farko, saboda ta kasa tsare musu rayuka da dukiya.

Ke nan ɓangarori uku ne ke amfani da kalma guda, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sai dai kalmar tana da iyakoki a harshe da kuma a shari'a, kuma ba kowane wanda ya gaza sauke nauyin da ke kansa ne ta dace da shi ba.

Asalin kalmar

Kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya ta aro, ɗaya kuma Bahaushiya. "Amana" daga Larabci ta shigo Hausa, kamar sauran ɗimbin kalmomin addini da shari'a da ciniki, kuma saiwarta ɗaya da imani da mumini da amini da aminci. Dukkansu suna komawa ne ga ma'anar kwanciyar hankali da rashin tsoro. Wanda aka ba amana shi ne wanda aka saki jiki da shi, aka daina sa masa ido. Daga wannan saiwa ne laƙabin Al-Amin ya fito, wanda mutanen Makka suka yi wa Annabi Muhammadu (SAW) tun kafin a aiko shi, kazalika da sunaye irin su Aminu da Amina.

Ita kuwa "ci" tana cikin kalmomin aikatau mafiya faɗin ma'ana a Hausa. Ban da cin abinci, ana cin kasuwa, ana cin riba, ana cin jarrabawa, ana cin sarauta, ana kuma cin gari da yaƙi. A ɓangaren muni akwai cin mutunci da cin zarafi da cin fuska da cin zali da cin hanci. Abin da aka ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa yadda yake. Saboda haka hoton da ke cikin "cin amana" shi ne na mutumin da aka miƙa wa abu domin ya adana, sai ya haɗiye shi. Kishiyar wannan hali kuwa da hannu ake siffanta ta: akan ce wane yana da riƙon amana, ko kuma ɗan amana ne.

Ɗafin "ma-" da ke farkon kalmar shi ne wanda ake samu a manomi da maƙeri da makiyayi, wato sunayen da ke nuna sana'a ko ɗabi'ar da mutum ya dawwama a kanta. Wasu gajerun kalmomin aikatau sukan ɗauki wannan ɗafi sannan abin da aka aikata a kansa ya biyo baya, kamar magatakarda da maƙi-gudu da mabi-sarki. Haka "maci amana" ta samu, jam'inta kuma shi ne maciya amana.

A nan akwai wani bambancin da dattawa kan kula da shi. Idan aka ce "wane ya ci amana", labarin abin da ya aikata sau ɗaya aka bayar. Idan kuwa aka ce "wane maci amana ne", an mayar da abin halinsa, kamar yadda noma yake ga manomi. Wannan ne dalilin da ya sa a zaman sasanta rikici akan hana masu ƙorafi furta ta biyun, domin da zarar ta fita, gyara kan yi wuya.

Sharuɗɗa uku

Kafin kalmar ta hau kan mutum sai abubuwa uku sun haɗu.

Na farko, sai yarda ta gabata. Wanda ya fasa shago cikin dare ɓarawo ne, kuma ba a ce masa maci amana, saboda babu wanda ya amince masa. Amma yaron shagon da aka bar wa makulli ya kwashe kuɗin ciniki, shi ne maci amana, ko da abin da ya ɗauka bai kai na ɓarawon ba.

Na biyu, sai an damƙa wani abu. Yana iya zama dukiya, kamar kuɗin da ke hannun uwar adashi ko gadon marayu da ke hannun baffansu. Yana iya zama sirri, ko iyalin da matafiyi ya bar wa maƙwabcinsa, ko yaron da aka kai wa malami, ko kuma muƙami. Har a tsakanin miji da mata ana maganar cin amanar aure.

Na uku, sai an samu ganganci, ko kuma sakacin da ya wuce misali. Mutumin da gobara ta cinye ajiyar da aka ba shi tare da nasa kayan bai ci amana ba, jaje ma ake yi masa. Wani lokaci ma laifin kan koma kan mai bayarwa, in har ya san halin wanda ya bai wa, abin da Hausawa ke kira bai wa kura ajiyar nama.

Kalmomin da ke kusa da ita

Hausa na da sunaye da dama ga wanda ya bar abin da ya wajaba a kansa, kuma kowane da gurbinsa.

Mai saɓa alkawari shi ne wanda ya faɗa bai cika ba. Telan da ya ce a zo a karɓi ɗinki jajibirin salla, aka zo aka tarar ko yankawa bai yi ba, ya saɓa alkawari, kuma za a tuna masa cewar alkawari kaya ne. Amma idan ya sayar da yadin da aka kawo masa, to ya tsallaka zuwa cin amana.

Mai taurin bashi shi ne wanda ya karɓi rance, yana da halin biya, amma yana ta jan mai kuɗi da yau da gobe. Cin bashi shi kansa ba abin kunya ba ne, tun da an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bambancinsa da ajiya shi ne, kuɗin rance an bayar da su ne domin a kashe a biya daga baya, alhali ajiya ba a yarda a taɓa ta ba. Wannan magana ta taso sosai bayan da babban bankin Nijeriya ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, wanda rashin biya ya zame masa babbar matsala. Akwai waɗanda suka ɗauki rancen tamkar rabonsu ne daga gwamnati. Akwai kuma manoman da ambaliya ko 'yan bindiga suka raba da amfanin gonarsu. Na farkon ne masu taurin bashi, na biyun kuwa masu gazawa ne.

Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya manta, ko ya rama da sharri. Ba a ba shi ajiyar komai ba, abin da ake jira daga gare shi godiya ce da sanin ya kamata. 'Yan siyasa sun fi kowa amfani da wannan kalma, musamman idan yaro ya juya wa ubangidansa baya bayan ya hau kujera.

Mayaudari da ɗan damfara tun farko da mugun nufi suka zo, sun nemi a yarda da su ne domin su cuta. Maha'inci kuma shi ne mai tauye mudu ko mai algus a cikin kaya. Rago da malalaci aikin ne ba sa so. Wanda kuwa ya karɓi kuɗin aiki ya nemi zillewa, karin maganar da ake yi masa ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya sa "maci amana" ta fi waɗannan duka zafi shi ne, ba a faɗa wa bare. Sunan na wanda aka jawo a jiki ne.

Matsayin shari'ar Musulunci

Nauyin kalmar a kunnen Bahaushe daga addini ya samo asali. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita, ta kuma haɗa wannan umarni da yin adalci wajen hukunci. Aya ta 27 a Suratul Anfal ta yi hani ga cin amana da gangan. Wani sanannen hadisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa ƙarya da saɓa alkawari da cin amana a matsayin alamomin munafuki guda uku, kuma jero su ɗaya bayan ɗaya da aka yi na nuni da cewar kowanne laifi ne mai zaman kansa. Malaman tarihi sun ruwaito cewar a lokacin hijira Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Aliyu a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali a cikin garin ne ake ƙulla makircin kashe shi.

Sai dai shari'ar da ta tsananta a kan cin amana ita ce kuma ta ba da kariya ga wanda aka ba amanar. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, an yi bayanin cewar idan mai ajiya ya ce abin ya ɓata ko ya halaka, ana gaskata shi. Idan ya ce ya mayar wa mai shi, nan ma ana gaskata shi, sai fa in a gaban shaidu ya karɓa, to a nan sai ya kawo shaidar mayarwa. Biya na hawa kansa ne idan ya ƙetare iyaka, kamar ya yi amfani da abin ba da izini ba. Makiyayin da aka ɗauka kiwo shi ma a bisa asali ba ya biyan dabbar da ta mutu ko aka ƙwace, matuƙar bai yi sakaci ba.

Malaman mazhabar Malikiyya sun ware masu sana'a, irin su tela da marini da maƙeri, suka ce su kam suna biyan abin da ya salwanta a hannunsu idan sun tafi da shi wurin aikinsu, sai in an tabbatar da cewar ba laifinsu ba ne. Dalilin shi ne maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun kai musu kaya.

Game da bashi kuwa, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, sannan aya ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi horo da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Wani abin lura shi ne, a wurin akasarin malamai ba a yanke hannun maci amana kamar yadda ake yanke na ɓarawo, saboda bai ɗauke abin a ɓoye daga ma'ajiyarsa ba, miƙa masa aka yi. Hukuncinsa shi ne ya mayar da abin ko ƙimarsa, sannan alƙali ya yi masa horon da ya ga ya dace.

Dokar ƙasa

Dokar hukunta laifuka ta Arewacin Nijeriya, wato Penal Code, wadda aka zartar a shekara ta 1959, ta ware cin amana a matsayin laifi dabam da sata. Sashe na 311 ya bayyana shi da cewar a damƙa wa mutum dukiya ya karkatar da ita da mugun nufi, sashe na 312 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekaru 7, ko tara, ko duka biyun. Hukuncin yana ƙaruwa gwargwadon girman yardar da aka yi wa mutum, inda ya kai shekaru 14 ga ma'aikacin gwamnati ko na banki ko wakili. Daga baya jihohi sun yi wa dokokinsu gyare-gyare, kuma jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Agustan shekara ta 2000, zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun ƙara wa kalmar wani fanni, wato "cin amanar ƙasa", wanda ake amfani da shi ga laifin yi wa ƙasa zagon ƙasa ko neman kifar da gwamnati. Da wannan laifi ne sojojin da suka yi juyin mulki a Nijar suka ce za su tuhumi hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum a watan Agustan 2023, yayin da magoya bayansa ke cewa dogarawan da aka damƙa wa tsaron lafiyarsa ne suka ci amana.

Amana tsakanin manomi da makiyayi

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu ne, wanda ya miƙa har iyakar jihar Zamfara. Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna cewar Batsari na da mutane fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000. A tsarin masarautar Katsina, Sarkin Ruma ne hakimin Batsari, Yariman Katsina kuma shi ne hakimin Safana. Garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka sun daɗe da zama mahaɗar manoma da makiyaya.

Zaman waɗannan jama'a biyu a kan amana aka gina shi. Manomi ko ɗan kasuwar da ya tara 'yan kuɗi yakan sayi saniya ya kai ruga a yi masa kiwo, mai kiwon ya sha nono, shi kuma ya je lokaci-lokaci ya ga abin da aka haifa. Ba a rubuta komai. Idan dabba ta mutu akan kawo fatarta ko wata alama domin a fita daga zargi. Shi ma Bafillatani yana da maigidansa a cikin gari, inda yake sauka ranar kasuwa, ya bar ajiyarsa, wani lokaci ma shi ne zai tsaya masa a gaban alƙali. Da kaka ta wuce manomi kan gayyaci garke ya zauna a gonarsa domin taki, ya ba da hatsi. Idan shanu suka yi ɓarna, ardo da mai gari su ne ke zama su yanke diyya.

Satar shanu da ta yi ƙamari a yankin ta fara karya wannan tsari ne daga tushe. Idan aka kora garke, a ciki har da shanun mutanen gari, sai tambaya ta taso: ƙwace aka yi, ko kuwa da sanin mai kiwo? A ƙa'idar da ta gabata gaskata shi ya kamata a yi, amma da abin ya yawaita sai zato ya maye gurbin yarda. Makiyayin da aka raba da dukiyarsa ya wayi gari ana kallonsa a matsayin maci amana. A ɗaya ɓangaren kuma Fulani na kokawa da cewar an noma burtali da makiyaya, sannan 'yan sa-kai na kama mutanensu a kasuwannin da a da suke shiga ba tare da fargaba ba. A wurinsu wannan ma cin amana ne.

Sulhu da wargajewarsa

A tarihin ƙasar Hausa kalmar amana tana da ma'anar yarjejeniyar zaman lafiya. A ƙarni na 19, ƙarƙashin daular Sakkwato, sarakuna irin na Bauchi da Zazzau sukan ƙulla amana da wasu al'ummomin da ba Musulmi ba, su riƙa ba da gaisuwa ko haraji, shi kuma sarki ya hana a kai musu hari. Nauyin a kan kowane ɓangare yake. Da wannan tsohuwar ma'ana ce jama'a ke auna sulhun da aka yi ta ƙullawa a jihar Katsina.

Na farko shi ne wanda ya kai ga bikin miƙa makamai a Ƙanƙara a watan Janairun 2017. Bai yi ƙarko ba, musamman bayan kashe Buharin Daji, fitaccen jagoran 'yan bindiga, a watan Maris na 2018. Rahotanni sun ce Dogo Giɗe, wanda na kusa da shi ne, shi ya kashe shi, lamarin da ya nuna cewar ko a cikin dajin ma amana ta yi ƙaranci.

Na biyu ya zo ne a watan Satumban 2019, lokacin da gwamna Masari da kansa ya zagaya ƙananan hukumomi takwas da ke bakin daji, wato Sabuwa da Dandume da Faskari da Ƙanƙara da Ɗanmusa da Safana da Batsari da Jibiya, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga. An haramta ayyukan 'yan sa-kai, an sako wasu mutanen daji da ke tsare, su kuma suka sako mutanen da suka yi garkuwa da su. Daga cikin buƙatun da suka gabatar akwai makarantu da asibitoci da wuraren shayar da dabbobi, da kuma damar shiga kasuwa.

An samu sauƙi na 'yan watanni. A ranar 14 ga watan Fabrairun 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, aka kashe mutane 30. 'Yan sanda kuma sun tabbatar da kashe mutane 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma a ranar 18 ga watan Afrilu. Bayan haka ne gwamnan ya yi furucin cin amana.

Ko shakka babu kalmar ta dace da duk wanda ya zauna a wurin sulhun, aka sako masa mutanensa, manoma suka koma gida bisa maganarsa, sannan ya sake ɗaukar bindiga. Amma akwai wata matsala. 'Yan bindigar ba su da shugaba guda, ƙungiyoyi ne barkatai, wasu ma daga Zamfara suke tsallakowa. Wanda bai karɓi amana ba kuwa ba za a ce ya ci ta ba, ɗan fashi ne kawai. Sulhun da aka ƙulla da wasu aka bar wasu yakan bar kowane ɓangare da hujjar cewar ɗaya ɓangaren ne ya fara karyawa.

Infoma

Babu wanda kalmar ta fi kamawa a bakin mutanen yankin kamar wanda suke kira infoma, wato ɗan gari mai tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da sa, ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi, ko hanyar da jami'an tsaro za su bi. Sharuɗɗan nan uku duk sun cika a kansa: an yarda da shi, ya san sirrin gari, kuma da gangan ya sayar. A kansa ake yawan jawo karin maganar nan ta da ɗan gari akan ci gari. Domin toshe irin wannan kafa ne gwamnatin jihar ta ɗauki matakai a shekara ta 2021, ciki har da hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, da hana sayar da fetur a jarka, da kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana.

A nan ne kuma kalmar ta fi haɗari. A wurin da hankali ya tashi, kiran mutum infoma kan iya zama sanadin ajalinsa kafin ya ga alƙali, kuma mai tsohuwar gaba a kan gona ko aure na iya fakewa da wannan zargi. Bugu da ƙari akwai waɗanda tilas ce ta sa su, kamar ƙauyukan da aka ɗora wa haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi. Ƙa'idar shari'a ita ce, kawo hujja na kan mai ƙara, kuma wanda aka tilasta ba a haɗa shi da mai ganganci.

Amanar shugabanci

Ɗaukar mulki a matsayin amana tsohon abu ne a Katsina. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta littafinsa Usulus Siyasa ne domin Umarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, inda ya jero masa ƙa'idoji bakwai na riƙon jama'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma, a sashe na 14, ya sanya tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban maƙasudin gwamnati, kuma Musulmin da ya hau muƙami da Alƙur'ani yake rantsuwa.

Da wannan ma'auni ne talakawa ke magana. A watan Mayun 2019, bayan kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta ƙaramar hukumar Batsari, mutanen yankin sun ɗauko gawawwakin har cikin birnin Katsina domin shugabanni su gani da idonsu. A watan Yunin 2020 kuma an yi zanga-zanga a kan rashin tsaro a 'Yantumaki da kuma birnin Katsina. Abin da ya ƙara wa jama'a ciwo shi ne, shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan jihar ne, kuma ta ba shi ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya a zaɓen 2019.

Masu kare hukuma kan ce abin da ya faru gazawa ce, domin sojoji da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya suke, dajin na da faɗi, jami'ai kuma ba su da yawa. Masu suka kuma kan amsa da cewar wanda ya nemi a ba shi riƙo da bakinsa, ya kuma karɓi kuɗin tsaro, ba ya cikin waɗanda ake yi wa uzurin mai ajiya. Muhawarar dai a kan sharaɗi na uku take, wato inda gazawa ta tsaya da inda sakaci ya fara.

Wanke suna

Hausawa na cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Duk da haka sunan na iya gogewa. Hanyar da aka sani ita ce mutum ya amsa laifinsa, ya mayar da abin da ya ci ko madadinsa, ya nemi gafara a gaban waɗanda suka san da maganar, sannan a ɗauki lokaci ana gwada shi da ƙaramin abu kafin a ba shi babba. Malamai na jaddada cewar haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kawai.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a watan Mayun 2023, ya ce gwamnatinsa ba za ta nemi sulhu da 'yan bindiga ba, kuma a watan Oktoban wannan shekara ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta jiha da aka ɗebo daga cikin al'umma. Amma a shekara ta 2025 al'ummomi da kansu suka shiga ƙulla sulhu, inda aka fara da Batsari a watan Janairu, daga baya Jibiya da Safana da Ɗanmusa da wasu ƙananan hukumomi suka bi sahu. Sharuɗɗan da aka riƙa ambata sun haɗa da sako waɗanda aka kama, da barin manoma su je gona, da barin makiyaya su shiga kasuwa da asibiti ba tare da tsangwama ba.

A irin wannan zama sarakuna da malamai da shugabannin ƙananan hukumomi ne shaidu, kuma mutanen da suka san juna ne suka yi musabaha. Wannan ya sa idan wani ya karya, an san wanda ya karɓi amanar, an kuma san abin da aka damƙa masa.